Komai na Ciki

Murjanatu ce ta biya. Ta ce, Baba, ka huta,
kwana bakwai a kan teku, komai na ciki.
Ni da ban taɓa haye ruwan da ya fi Kubanni ba,
na ɗaure jaka, na kafa hular Juma'a.

Jirgi? A ce dai unguwa.
Ka tattaro Tudun Wada ka jera ta hawa goma sha biyu,
ka aza a kan ruwa, ka kunna mata fitilu.
A bakin ƙofa aka miƙo mini kati, siriri kamar ɓawon albasa,
aka ce da shi ake buɗe ɗaki.
Ba a ce da shi ake buɗe aljihu ba.

Abinci akwai, ba zan yi musu ƙazafi ba:
shinkafa tuli, kaji kamar ana sunan ɗan fari.
Amma kifin da raina ya biya, wai na ɗakin sama ne,
ɗakin sama kuwa sai da kati.
Ruwan famfo kyauta, na gora da kati.
Shayi kyauta in za ka sha shi kamar magani,
ka ce a kaɗa maka ya yi kumfa, kati.
Na so in ji muryar jikata, minti uku kacal,
aka auna mini iska aka sayar.
Babbar rigata ta je guga ta dawo
da kuɗin da zai ɗinka mata ƙanwa a cikin Birni.
Har murmushin yaron da ke gyara mini gado
an ƙiyasta, an raba shi bakwai,
kullum ana cirar kaso ina barci.

Daren ƙarshe takarda ta shigo ta ƙasan ƙofa.
Na bi ta da yatsa kamar mai bin layin dogo,
tasha bayan tasha, babu inda na tuna na sauka.

Da na dawo Samaru na kai ta teburin Ilu mai shayi,
na karanta wa jama'a layi layi, ina buga benci.
Ilu ya yi dariya har madara ta zube,
ya ce, Alhaji, banza ba ta kai zomo kasuwa,
ya ƙara mini sukari bai rubuta ba.
Kowa ya tsine wa masu jirgi, na ji sanyi a raina.

Sai Shekwolo, yaron ɗaki na huɗu a gidana,
mai karatun likitan dabbobi, mai cin burodi babu ƙwai,
ya ajiye kofi, ya laluba aljihu,
ya shimfiɗa wata takarda kusa da tawa.
Bai ce uffan ba.

Kuɗin ɗaki.
Kuɗin guga, in za ka ja ruwa a rijiya.
Kuɗin mai gadi, kuɗin shara,
kuɗin janareta, ko ya tashi ko bai tashi ba,
ɗari biyu in baƙo ya kwana.
Na san rubutun. Ni ne ke karkata bakwai haka.
Can tsallaken titi allon ƙofar gidana na kallona:
Akwai ɗaki, komai na ciki.

Daren nan gado ya yi ta lilo da ni,
ga shi babu teku a ƙarƙashinsa.

Da asuba na cire kwaɗon da ke bakin rijiya,
na jefa shi cikin akwati tare da katin.
Na soke na baƙo, na soke na shara.
Na janareta kuwa alƙalami ya tsaya a kansa.
Mai ya yi tsada.
Ina dai tunani.